Auren Rajista: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Gulma

 Abin da aka umurce ni in yi magana a kansa yau shi ne auren nan da jama'a ke kira auren kotu ko auren rajista, watau wanda ake ɗaurawa bisa Dokar Aure ta Gwamnatin Tarayya.

Na san wani zai ce a ransa, mu da muke ɗaura aurenmu a zaure ko a masallaci, da waliyyi da sadaki da shaidu, ina ruwanmu da wannan? To, gaskiya ne dokar ba ta rushe auren Musulunci ko na al'ada ba, kuma ba wanda aka tilasta wa ya je ofis kafin aurensa ya inganta. Amma akwai baƙi a hannunku: malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa daga kudu, da 'yan'uwanmu na ƙasar Zuru waɗanda da yawa cikinsu Kirista ne. Har cikin 'ya'yanmu Musulmi akan sami mai neman wannan takarda domin tafiya ƙasar waje. Duk waɗannan, in magana ta rikice, ƙofar hakimi suke fara zuwa, alhali kuwa hakimi ba shi da ikon ɗaura wannan aure, balle ya raba shi. Amfaninku yana wajen gargaɗi tun kafin a ɗaura.

Dokar tsohuwa ce. An kafa ta cikin 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, ita ce kuma ke aiki har yanzu bayan 'yan gyare-gyare. Tsarin mulki na 1999 ya bar yin doka a kan irin wannan aure a hannun Tarayya, ya kuma lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Abu na farko da za ku tambayi mai shiri shi ne, a ina za a ɗaura? Gama a wannan aure wuri yana da hukunci. Wuri biyu doka ta sani: ofishin magatakardan aure, da ɗakin ibada wanda Gwamnati ta ba lasin ɗaurin aure, ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ku lura da kyau, ginin ake ba lasin. Fasto yana iya zama sananne, majami'arsa tana cika maƙil kowace Lahadi, amma in ginin ba shi da lasin, bai halatta ya ɗaura auren doka a cikinsa ba. Ko da ginin yana da lasin, ba a ɗauko faston a kai shi otal a Birnin Kebbi, ko a kafa rumfa a bakin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, a ce nan za a ɗaura domin wurin ya fi kyan hoto. Mai son haka sai ya nemi lasin na musamman daga Gwamnati, wanda za a rubuta sunan wurin a cikinsa. Samari sukan ji labarin Ingila, inda tun 1994 aka yarda a ba manyan otal-otal iznin ɗaurin aure, su zaci nan ma haka ne. Tamu dokar ba ta faɗi haka ba. Haka nan mutanen Kamba da Kangiwa sun saba ganin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna zuwa ofishin magajin gari, bisa tsarin da suka gada daga Faransa. Kowace ƙasa da nata.

Walima da kiɗa da rawa kuwa, a yi su inda aka ga dama. Ɗaurin kaɗai ake magana. In ango da amarya duka biyu suna sane, suka yarda aka ɗaura a wurin da ba shi da izni, ko da sunan ƙarya, ko a hannun wanda ba shi da iko, to auren banza ne a idon doka, ko an yanka shanu goma.

Sai maganar kwanaki. Ɗaya daga cikinsu zai je wurin magatakardan aure na yankin da za a ɗaura, ya cika takardar sanarwa. Wanda bai iya rubutu ba, ko bai ji Turanci sosai ba, ya isa ya sa alamarsa a gaban mai ilmi wanda zai shaida. Malamai, wata rana ku za a kira domin wannan, sai ku karanta wa mutum abin da ke cikin takarda, ku fassara masa, kafin ku sa hannu. Magatakarda zai shigar da sanarwar cikin littafi, ya liƙa kwafinta a ƙofar ofis kowa ya gani. Sai kwana 21 sun cika zai ba da takardar izni. In wata uku suka wuce daga ranar sanarwa ba a ɗaura ba, kome ya ɓaci, sai a sake daga farko. Watannin Bature ake nufi, ba a lissafa su da ganin jinjirin wata. Misali, wanda ya ba da sanarwa ran 1 ga Maris, kada ya sa ranar biki kafin makon ƙarshe na Maris, kada kuma ya bari Yuni ya kama. Wanda ya buga katin gayyata kafin ya je ofis, shi ya jawo wa kansa gudu. Mutanen fadama kuma su tuna da damina, lokacin da gulbi ke cika, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba ta cinye wa mutum wuni guda.

Kafin a ba da takardar izni sai an yi rantsuwa cewa ɗayansu ya zauna cikin yankin kwana 15, cewa ba dangantakar da ta hana aure tsakaninsu, cewa kuma kowannensu ya kai shekara 21. Wanda bai kai ba sai ya kawo yardar ubansa a rubuce, in uban ya rasu ko ba ya ƙasar, ta uwa, in ba su duka, ta mai riƙonsa. Sa'an nan ga babbar magana: su rantse ba waninsu da ke da aure da wani dabam.

A nan nake roƙon ku saurara, ranku ya daɗe, domin nan mutane ke faɗawa rami. Wannan aure na miji ɗaya ne da mace ɗaya. Mai mata a gida, ko ta wace hanya ya aure ta, in ya je ya yi rajista da wata, na rajistan bai ɗauru ba. Dokar ta yanka ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi haka yana da auren al'ada da wata, da kuma wanda ya yi rajista sa'an nan ya koma ya ƙara aure bisa al'ada. A ɗauki misalin Badakkaren da ya yi golmo, ya yi shekaru yana noma wa surukinsa har aka ba shi mata, daga baya ya sami aiki a birni, ya ga wata, suka nufi ofis. Magatakarda bai san shi ba, takarda kaɗai yake gani. Amma mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, ta bakinsu kuma hakimi ya sani. Abin da ya sa ake liƙa sanarwa ke nan. Duk wanda ya san dalilin da zai hana auren yana da iko ya je ya rubuta kalmar hani cikin littafin sanarwa, da sunansa da mazauninsa da dalilinsa. Daga nan magatakarda ba zai ba da takarda ba, sai ya miƙa magana ga alƙalin Babbar Kotu. A ganina, ya fi mutunci ku kira mutumin a zaure ku faɗa masa gaskiya tun ba a kai ga haka ba, gama macen farko da ta biyun duka su ake cuta, kuma yawanci ba a gane ɓarnar sai ran rabon gado.

Shi kuma Musulmin da ya zo neman shawara, yana son takarda kurum domin ofishin jakadanci, ku gaya masa abin da zai ɗauka wa kansa. Muddin auren yana nan, dokar ba ta san wata mata ta biyu ba. Saki da baki ko da 'yar takarda ba ya warware shi, kotun Shari'a ba ta da iko a kansa, hakimi ma haka. Bisa dokar 1970, Babbar Kotu kaɗai ke raba shi, kuma ba a shigar da ƙarar rabuwa cikin shekara biyu na farko sai da iznin kotu, in ban da waɗansu dalilai kaɗan da doka ta keɓe. In ya ji duk wannan ya ce ya yarda, to shi ke nan, ya shiga da idonsa biyu.

Ranar ɗauri ba ta da wuya. A ofis ana yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, a majami'a tsakanin 8 na safe da 6 na yamma, ƙofa a buɗe, da shaidu aƙalla biyu. Ba a yi da dare. Takardar shaida kwafi biyu ake cikawa, ango da amarya da shaidu da mai ɗaurawa duk su sa hannu. Ma'aurata su karɓi ɗaya. In a majami'a aka yi, fasto zai aika da ɗayar ga magatakardan aure cikin kwana bakwai.

Malamai, in ma'aurata sun dawo gaisuwa, ku ce su nuna muku takardar, ku duba ko sunayen sun yi daidai da na sauran takardunsu, ku kuma ba su shawara su koma ofis bayan mako biyu su tabbata kwafin nan ya iso, an shigar da shi cikin littafi. Yanzu kuma, ranku ya daɗe, in akwai mai tambaya, ina saurare.