Rufin asirin da ke cin yara: jawabi ga mutanen Safo



Mutanen Safo ba su manta da 2005 ba. A shekarar nan yunwa ta mamaye jahar Maraɗi, likitocin ƙungiyar MSF kuwa suka yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa a Nijar, mafi yawansu a wannan jaha. Daga nan aka gane cewa ba a jiran yaro ya kai gargara kafin a nufi gidan likita. Aka horar da mutanen gari suna bi gida-gida da igiyar awon damtse, har uwaye ma suka iya awon da kansu. Tamowa ba ta ƙare ba a gundumar Madarunfa, amma ta daina zama abin ɓoyewa.

Cin zarafin yara kuwa har yau cikin duhu yake, alhali doka ba ta yi ƙaranci ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara tun 1990. Gyaran dokar hukunta laifuka na 2003 ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 30 ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 13 ba fyaɗe. A 2017 aka fito da dokar kare yarinyar da ke makaranta, a 2019 kuma aka kafa kwamitocin kare yara, tun daga Yamai har ƙauye. A takarda dai komi ya cika.

To, amma mi ke faruwa ranar da aka lalata ƴar talla? Sau da yawa zancen ba ya wuce zaure. Dattawa su taru, a ce a rufa wa juna asiri, a ba uban ƴan kuɗi, a raba goro, a tashi. Bayan wata biyu a aurar da yarinyar can nesa, wanda ya yi aika-aikar kuwa yana nan zaune a inuwarsa, gobe wata ƴar tallar za ta gitta ta gabansa. Asirin wa aka rufa ke nan? Doka ta ba maigari ikon sasanta rikicin gona, da bashi, da aure, amma fyaɗe shari'ar alƙali ce. Aikin kwamiti na farko shi ne kai yarinyar gidan likita kafin kwana 3 su cika, domin maganin rigakafin sida ba ya amfani bayan awa 72, sa'an nan a sanar da jandarma. Kwamitin da ba ya iya yin wannan saboda mai laifin ɗan babban gida ne, gara ma a ce babu shi.

Sai dai adalci ne a dubi ɗaya gefen. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa kashi 89. Uban da ya ba da ƴarsa da wuri, ko ya tura ɗansa bara Katsina, galibi ba ƙin su yake ba. Rumbu ne ya ƙare tun bazara. Idan ƴan kwamiti suka je masa hannu rabbana da takardar doka cikin Faransanci, zai saurare su da ladabi, ya raka su ƙofa, ya ci gaba da abin da ya yi niyya.

Shi ya sa kwamiti ke buƙatar abokin tafiya mai aljihu, kuma ba sai an je nesa ba. Asusun Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi aka fara shi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kafin ya bazu cikin ƙasashen Afirka. Matar da ke da inda za ta ranci jika biyar ranar da ciwo ya faɗo ba lalle ta ɗora wa ƴarta faranti da dare ba. Shirin tallafin gwamnati da aka soma a 2011 shi ma ya riƙa ba gidajen talakawa jika goma a wata, tare da faɗakarwa kan renon yara.

Saura abin da ya rataya a wuyan waɗanda ke zaune a nan. Ƴan kasuwa su ne ke ganin yarinyar da ke yawo da faranti a tasha bayan isha'i, sun kuma san ƴar gidan wa ce, sun san mai yawan kiranta cikin shago. Ma'aikata kuwa takardar haihuwa ke hannunsu. Yarinyar da ba ta da ita, da wuya a tabbatar da shekarunta gaban alƙali, mai laifi ya ce ai babba ce. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su rubuta haihuwar jariri, kyauta. Wanda wa'adin ya wuce shi, sai ya nemi hukuncin alƙali.