Kowa ya riƙe ƙane guda

Kun san inda ƙannenmu suka fi faɗuwa: ajin farko na kwaleji. Yaro ya baro ƙauye ya zo Malbaza, Faransanci ya yi mashi nauyi, babu mai tambayar abin da ya gane. Tun kafin BEPC sai ya aje karatu, ya tafi dakon albasa Galmi.

Awa guda bayan La'asar, cikin lokacin shayin fada, ta isa ka bayyana mashi darasi da Hausa. Kai ma da ribarka: lissafin da ka koya ma wani ba ya kuɓuce maka, kuma wanda yara ke kallo kunyar makara sallar Asuba yake ji. Ƴan mata, ku ma ƙannenku na jira. Mai so ya ba da sunansa bayan taro.