Kuɗin Ruwa Ya Hau: Wa Ya Ci Riba, Wa Ya Sha Ƙasa?

Yau lissafi za mu yi, kowa ya jawo wayarsa ya buɗe kalkuleta.

Wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare ya kira ni yana murna, wai ya zuba dubu ɗari a takardun lamunin gwamnati, za a ba shi kashi 20 cikin 100 a shekara. Na ce masa, malam, dakata mu lissafa.

A watan Disambar 2024, hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Ma'ana, kayan da ka saya dubu 100 a Disambar 2023, a Disambar 2024 sai ka ba da dubu 134 da ɗari takwas. Shi kuma abokina dubu 120 zai karɓa. Raba 120 da 134.8, za ka samu kusan 0.89. Wato kuɗinsa sun ƙaru a takarda, amma a kasuwa ƙarfinsu bai wuce dubu 89 ba. Kun ga inda gizo ke saƙar?

To me ya sa ruwan ya hau haka? CBN ce ta ɗaga shi, daga kashi 18.75 a 2023 zuwa 27.5 a Nuwambar 2024, don ta rage kuɗin da ke yawo. Wannan matakin yana taɓa abu uku.

Na ɗaya, tsohuwar takardar lamuni tana faɗuwa. In taka tana biyan dubu 15 a shekara, sabuwa kuma dubu 20, wa zai sayi taka a dubu ɗari? Sai ka karya farashi. In wa'adinta mai tsawo ne sosai, za ta iya gangarowa kusa da dubu 75.

Na biyu, hannayen jari. In gwamnati na biyan kashi 20 kana kwance a ɗaki, dole kamfani ya nuna ribar da ta fi haka kafin a saya hannun jarinsa. Ga bashin banki ya yi masa tsada.

Na uku shi ne ya fi damuna. Ruwan da gwamnati ke biya daga kasafin kuɗi yake fita, kasafin da makarantunmu da asibitocinmu ke jira. Ko ba ka da sisi a kasuwar, wallahi kana cikin masu biya.

Masu gudun riba, akwai Sukuk, wanda ofishin DMO ya fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Amma shi ma sai ka auna shi da hauhawar farashi.

Don haka duk wanda ya ce maka kashi kaza, tambaye shi: farashi fa, kashi nawa ya tashi? Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, za mu amsa a shiri na gaba, in sha Allah. Sai an jima.