Shisha: Suna Mai Daɗi, Hayaƙi Mai Dafi



Wannan jawabi ya shafi tukunyar tabar nan mai ruwa a gindi, wadda samari kan kewaye da dare a wuraren shaƙatawa na Jimeta, kowa ya zuƙa ya miƙa wa na kusa da shi.

Baƙuwa ce a ƙasar nan, sunayenta ma duk na aro ne. Shisha kalmar Farisa ce, ma'anarta gilashi. Nargila kuwa daga sunan kwakwa aka samo ta, domin da ƙoƙon kwakwa aka riƙa yin mazubin ruwan a zamanin da. A Indiya ana ce mata huka. Turawan Ingila da suka tarar da ita can sai suka laƙaba mata habul-babul, kalmomi biyu masu amsa juna, don kwaikwayon kukan da ruwan ke yi in an zuƙa, abin da Bahaushe zai ce ɓul-ɓul. Suna ne kamar na wasan yara, ga kuma ƙamshin tuffa da na'ana'a da ake cuɗa tabar da shi. Da haka ake yaudarar yaro.

Babbar yaudarar ita ce ruwan. Masu sha na cewa yana wanke hayaƙin. Sanyaya shi kawai yake yi, sai mutum ya zuƙa ƙwarai har cikin huhu ba tare da maƙogwaro ya gargaɗe shi ba. A shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a zama guda mai shan shisha na iya shaƙar yawan hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Gawayin da ake ɗorawa a kanta kuma yana fitar da iska mai guba, irin wadda ke halaka masu kwana da janareta a rufaffen ɗaki. Bakin tiyo ɗaya da mutum biyar ke tsotsa kuwa ƙofa ce ga tarin fuka.

Iyaye da masu unguwanni su sani hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shanta a wuraren taruwar jama'a. A 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su ɗauki mataki a kan tabar da aka sa wa ƙamshi, ya kuma ambaci shisha da sunanta.