Bajon Kaka a Ƙasan Adaka



Yau maganarmu a kan wani ɗan ƙarfe ce. Wataƙila yana nan a ƙasan adakar gidanku, ya yi baƙi, ba wanda ya san na mene ne.

Ɗauko shi ka duba. Ka ga bishiyar kwakwa, da haruffan boko a ƙarƙashinta? To, bajon rundunar sojan Afirka ta Yamma ne, wadda Baturen mulkin mallaka Lugga ya kafa, wadda Hausa ce harshen barikinta a wancan zamani.

Sai ka ƙirga haruffan. In huɗu ne, ya girmi shekarar 1928. In biyar ne, da harafin R a gaba, bayan nan aka yi shi. Harafi ɗaya tak, amma shi ne shaidar shekarunsa.

In kuma bajon na ƙyalle ne, baƙin gizo-gizo a kan rawaya, ko masu biyu gicciye a kan gammo, to mai shi ɗan rundunonin da suka yi yaƙin Bama ne.

Roƙona ɗaya. Kada ku goge shi da toka don ya yi ƙyalli. Kada ku sayar wa 'yan gwangwan. Ku tambayi tsofaffin gida sunan mai shi, ku rubuta, tun suna raye.

A huta lafiya.