In Za Ki Sauka a Yawuri da Iyali

Yau hirarmu a kan masauki take, wato irin gidan da iyali kan kama na 'yan kwanaki in sun je wani tsohon gari, su dafa nasu, su yi wankinsu, su kwana kamar a gida. Garin da za mu ɗauka shi ne Yawuri ta jihar Kabi, a bakin Kwara, inda kogin ya buɗe ya zama tafkin Kainji.

Wata za ta ce, to ni ina ruwana, ai maigida ne ke neman masauki. Haka ne, 'yar uwa, shi zai biya, amma ke za ki zauna a ciki. Ke za ki nemi ruwan wanka da asuba, ke za ki ɗora tukunya, ke za ki bi yaro in ya nufi ƙofa. Don haka ki sa baki tun kafin a ba da kuɗi.

Sauke baƙo tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa. Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro ta nan da yawansu ke bi, kuma kowane ayari yana da fatomansa, mai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Turawa ma sun biyo: Mungo Park ya wuce ta nan cikin jirgin ruwa a 1806 kafin ya halaka a Busa, 'yan uwan nan biyu masu suna Lander kuma sun sauka wurin Sarkin Yawuri a 1830. Tsohuwar hedikwatar ita ce Birnin Yawuri, kimanin kilomita 14 daga Yelwa, har yanzu ana ganin kufan ganuwarta. A 1888 sarauta ta koma Yelwa, kuma a nan fadar take. Saboda haka mafi sauƙi ki sauka a Yelwa, inda kasuwa da asibiti da tasha suke, ki je Birnin Yawuri da rana ki dawo.

To, me za ki tambaya? Na farko ruwa. Kada ganin kogi ya ruɗe ki ki ɗauka ruwa a yalwace yake cikin gida. Rijiya ce, ko burtsatse, ko 'yan garuwa ake saya wa? Wa zai biya? Na biyu makewayi: naku ne ku kaɗai, ko haɗaka za a yi da masu gida? A tsoffin unguwanni sau da yawa sashe ɗaya ake ware wa baƙo, tsakar gida kuwa ta kowa ce. Mace mai lulluɓi ya kamata ta san wannan tun tana gida. Na uku madafa: akwai murhu ko risho, akwai tukwane, ko sai kin taho da naki? Na huɗu kuɗi. A faɗi na kwana nawa ne, a faɗi ranar tashi, a gaban shaida, in da hali a rubuta. Kada a tura ko sisi don an ga hoton ɗaki a waya. A sa wani ɗan uwa ko aminin maigida da ke garin ya je ya gani da idonsa, musamman lokacin bikin Rigata, da ake tseren jirage, baƙi su cika gari, ɗaki ya yi wuya.

Cikin kayanki, gidan sauro ya riga turmin atamfa shiga jaka. Bakin ruwa ne, sauro ba ya hutu. Ki haɗa da tocila, da ƙwado da mabuɗinki na kanki, da maganin da yara suka saba sha. Ruwan sha kuwa a tafasa, ko a sayi wanda aka amince da shi.

Yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe. Tafkin nan da aka samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968 ya shanye tsibirai da gonaki da ƙauyuka, sai da aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa masu noman albasa a tsibirai. Itatuwan da ruwan ya rufe, kututturansu na nan a ƙasa, jirgi kan ci karo da su. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da fasinjoji masu yawa, cikinsu mata da yara, ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. Allah ya jiƙansu. Don haka in yara sun matsa sai an shiga jirgi, ki tsaya kai da fata: ba rigar ruwa, ba shiga. In kin ga an yi lodi ya wuce kima, ki sauka ko da kin biya. Kada a shiga da dare, kada a shiga in hadari ya haɗo. Kada kuma ki bar yaro ya bi 'ya'yan Sarkawa wanka. Su a ruwa aka haife su, naki kuwa a tudu. Akwai dorina ma a wasu wurare, masu gari sun san inda take.

Hanya ma haka. Ba mu manta da ɗaliban da aka sace a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ba. Ko ta Kwantagora za ku biyo, ko ta Jega da Koko ku ratsa ƙasar Shanga, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, ku yi sammako, ku isa da sauran rana. Matambayi ba ya ɓata.

In kin sauka, kafin ki kwance kaya ki shiga ki gaida uwargidan gidan. Ki ce, "Inna, mun zo, ga mu hannunki." Ɗan tsaraba, ko sabulu ne ko goro, ya isa. Ita za ta gaya miki wace mai kifi ce ba ta cuta, ta nuna miki yadda ake gane banda mai kyau, ta sa a kawo miki ƙarfasa ko tarwaɗa ko giwan ruwa da ɗuminsu. Garin na Hausawa ne da Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa, kowa da harshensa da al'adarsa. Ki ja kunnen yara kada su yi wa kowa dariya, kada kuma a ɗauki hoton mutum sai ya yarda.

Ranar tafiya ki share ɗaki, ki wanke tukwanen mutane, abin da yaro ya fasa ki faɗa ki biya, ki miƙa mabuɗi hannu da hannu. Baƙo raɓa ne, amma in ya bar suna mai kyau, gobe ɗakin na jiransa. Kada ki manta da albasa da busasshen kifi na maƙwabta.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.