Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Tsofaffin Harsasan Soja

Ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo manomi ya tono harsashi a gona, ko yara su tsinto kwansonsa a bakin Gulbin Rima. Wanda ya fara jin labari shi ne mai unguwa, sa'an nan dagaci, kana hakimi. Saboda haka wajibi ne malamin hakimi ya san abin da a ka kawo gabansa.

Galibin harsasan soja suna da rubutu a gindinsu. Mafi tsufa shi ne na .303, na bindigar Lee-Enfield, wadda sojan Afirka ta Yamma su ka yi yaƙin Bama da ita daga 1943 zuwa 1945, 'yan sanda kuma su ka daɗe suna rataye da ita. Kwansonsa na tagulla ne, gindinsa da leɓe mai faɗi. A nan za a ga shekarar ƙira, da alamar VII, da harafin masana'antar Ingila, K ko RG. Na biyu shi ne na manyan bindigogin FN da G3, irin na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ba shi da wannan leɓe, waɗansu kuwa a Kaduna a ka ƙera su, inda a ka kafa masana'antar makamai a 1964. Na uku gajere ne, na AK-47, sau da yawa kwansonsa na baƙin ƙarfe ne. Wannan ba tsohon labari ba ne. Ya ƙara yawa bayan rushewar mulkin Libiya a 2011, kuma irinsa 'yan bindiga su ke riƙewa, waɗanda su ka hallaka mutane a Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018 da kasuwar Goronyo a Oktoba 2021.

Babbar masifa ita ce sake amfani da su. Maharbi ya kan ga tsohon harsashi ya ce albarushi ya samu a banza, ya zazzage cikinsa ya ɗura wa harba-ka-ruga. Alhali kuwa abin da ke cikin na .303 ba albarushi ba ne, wani magani ne siri-siri kamar tsinken tsintsiya, ƙarfinsa ya fi abin da bututun maƙerin gida zai ɗauka. Bututun ya kan tsage a hannu, ya tafi da yatsu ko ido. Har a bindigarsa ta asali ma, harsashin da ya shekara tamanin a ƙasa ya kan yi jinkiri; mutum ya ɗana, ya ji shiru, ya buɗe don ya duba, sa'an nan ya tashi. Maƙeri kuma da ɗan gwangwan, masu kwaɗayin tagulla, sai su jefa mai rai a wuta tare da fanko ba su sani ba.

Ga kuma shari'a. Dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ajiye harsashi ba da lasin ba, ko da tsintuwa ya yi. Amma hakimin da ya tsananta wa talakan da ya kawo tsintuwa da kansa, to, ya toshe bakin na gaba. Gobe cikin rijiya za a zuba su.

In an kawo, malami ya rubuta rana, da wurin tsintuwa, da adadi, ya ware masu rai daga fanko, ya kwafi haruffa da lambobin gindi yadda su ke, ko da bai gane su ba. Da wannan rubutu ne hukuma ta kan bi sawun ƙasar da a ka ƙera su da hanyar da su ka biyo. Kada a goge tsatsa, kada a ƙwanƙwasa. A ajiye su a inuwa nesa da murhu, a aika wa babban ɗan sandan yankin a ranar, a karɓi rasit. Abin da ya fi harsashi girma kuwa, kamar gurneti, ba a ɗauka. Sai a kewaye wurin da ƙaya, a sa dogari ya kori yara da dabbobi har masu aikin su iso.